Kwamfutocin Aro da Kaset ɗin Kaka

Anguwan Rogo, Jos
Farkon watan Yuni

Zuwa ga Yaya Mahdi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya mutanen Accra, ya su Mama a Kumasi? Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, sanyin Jos kuwa sai dai ka ji labari.

Kada ka wahalar da kanka da tunanin wace ce. Salma ce, jikar Hajiya Balaraba, ƙanwar kakanka marigayi Lukuman. Ni ce wadda ta yi ta yi maka dariya a zauren dangi na waya ranar da ka rubuto mana Hausarku ta zango, a can na ɗauki adireshinka. An ce aikin kwamfuta kake yi, kuma ba irin na masu buga katin biki ba. To yau ga ranarka ta zo.

Ka san lokacin da aikin kuza ya mutu kakanka ya kwashi iyalinsa ya bi fataken goro zuwa Kumasi, bai sake taka Jos ba. Daga shi har Kaka babu wanda ya yi boko, saboda haka da ya tashi aiko mata wasiƙa sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani direba ya kawo. Kaka ta yi ta saurare har rediyonta ya lalace, daga nan ta jefa kaset ɗin cikin kwalla ta rufe, shekaru suka ja.

A watan jiya ta ce a fito da shi. Na ɗauko Sylvester, wani mai situdiyo a Tina Junction da ke ɗaukar waƙoƙin 'yan coci da na 'yan walima, ya zo har ɗakinta da na'urarsa ya juye shi a filashi. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya cukurkuɗe ya tsinke, kaset ɗin dai ya gama aiki. Abin da ya shiga filashin kuma shuuu ne kawai kamar ruwan sama a kan kwano, sai wata murya can ƙasa-ƙasa. Ni da nake da kunne garau ban tsinci kalma ɗaya ba.

Ga abin da ya ɗaga min hankali. Kunnen Kaka na dama ya tafi tun bara. Na hagu ma likita ya ce yana bin sahu, kuma babu maganin da zai tsayar da shi. Ina so ta ji muryar yayanta tun da sauran ji.

Na san za ka ce in turo maka ka gyara a can. Ka ma daina. Kaka ta ce, “Wasiƙata ce, ni aka aiko wa. Ba za ta bi iska ta faɗa kunnen wani ba.” Filashin yana ƙulle a haɓar zaninta, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Akwai dabarar da za a tace muryar a nan cikin ɗakinta? In akwai, don Allah ka koya min. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare, ba na tsoron kwamfuta, ita ce dai ba ta san ni ba.

Ƙanwarka,
Salma

*

Accra
Yuni

Ƙanwata Salma,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau nake, su Mama ma haka, suna gaida kowa da kowa. Batun Hausata ta zango kuma za mu yi shi daga baya, ba yau ba.

Wallahi a tsaye na karanta wasiƙarki, na kasa zama. Muryar kakana! Ya rasu kafin a haife ni, hoto ɗaya muke da shi, shi ma ya dushe. Ban taɓa zaton akwai inda muryarsa ta rage a duniya ba.

Dabara akwai. Na rubuta wata 'yar manhaja mai ware muryar mutum daga hayaniya, ga ta nan haɗe da wannan saƙo, fayil biyu ne. Sai dai ba ta iya aiki ita kaɗai. Tana buƙatar wasu ƙananan manhajoji masu yawa, kowacce kuma sai da irin wadda ta dace da 'yar'uwarta. In kika ce za ki tattaro su da hannu, sai kin tsani kwamfuta har abada. Shi ya sa ake fara saka abin da muke kira manajan fakiti. Wanda za mu yi amfani da shi sunansa conda. Ki ɗauke shi kamar mai cefane: ki ce masa waina za ki yi, shi zai nemo shinkafa da yis da mai, har da tandar da ta dace da murhunki. Kuma zai ware wa aikinmu ɗakinsa daban a cikin kwamfutar, ba zai taɓa kayan kowa ba.

Na san dai Windows ce a hannunki. Ki shiga shafin da na saka miki a ƙasa ki sauke na Windows. In ya tambaye ki ko don kowa za a saka ko don ke kaɗai, ki zaɓi ke kaɗai. In ya gama, zai zo da wata baƙar taga tasa. A cikinta za ki rubuta:

conda env create -f murya.yml

Ki bar shi ya yi cefanensa. Bayan nan sai conda activate murya, sannan python tace.py. Intanet a lokacin cefane kawai ake buƙatarsa, don haka ki fara gama wannan, ki kashe data, sannan a kawo filashi.

Ki gaida min uwargidana. Ki ce mata angonta na Accra ya karɓi sharaɗi hannu bibbiyu.

Yayanki,
Mahdi

*

Anguwan Rogo
Tsakiyar Yuni

Yaya Mahdi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Uwargidanka ta amsa, ta ce wane irin ango ne wannan da ko sabulu bai taɓa aikowa ba.

Ya shiga! Yaya, Mai Cefane ya shiga! Haka muke kiransa yanzu a gidan nan. Kwamfutar makarantarmu na aro. Da farko ta nemi kalmar sirrin shugaban makaranta, sai na tuna ka ce in zaɓi ni kaɗai. Ina zaɓa ta wuce salin-alin. Daga nan na yi shirme, na buɗe wata baƙar taga da ba tasa ba, na rubuta umarninka, ta ce ita ba ta san wani conda ba. Na kusa rubuto maka baƙar magana kafin na gano tasa tagar.

Sabis a ɗakin Kaka sai a hankali. Wayata na rataye a jikin ƙarfen taga da igiyar hijabi, sannan kaya suka fara sauka. Ka ga layuka suna ta gudu a allo, wannan ya cika, wancan ya cika, ni kuwa ina ta tafi kamar wadda ake raba wa kyauta. Da ya gama na kashe data na nuna wa Kaka. Ba ta yarda ba, sai da na kai wayar ɗakin makwabta na dawo hannu wayam, sannan ta kwance haɓar zani.

To a nan daɗin ya tsaya. Manhajarka ta fara aiki, kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama, kafin a je ko'ina ta mutu ɗif. Na sake kunnawa, Kaka har fifita ta yi mata da mafici, ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Tsohuwa ce, aikin ya fi ƙarfinta. Ga shi kuma makaranta na neman abarsu saboda jarrabawa ta matso.

Amma kada ka damu, Allah ya kawo wata. Zipora, abokiyar aikina da ke zaune a Kabong, ta ji ina ba da labari a ɗakin malamai, ta ce mijinta ya zo hutu da Mac, sabuwa fil. Za ta kawo min ita ranar Asabar, da sharaɗin ta koma kafin ya juya Abuja ranar Litinin. Yaya zan yi da ita?

Salma

*

Accra
Yuni

Salma,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na yi dariya har abokan aikina suka waiwayo, musamman wajen fifitar nan. Aikinki ya yi kyau ƙwarai, laifin na kwamfutar ne. Mac ɗin za ta cinye aikin nan kamar wasa.

A gurguje nake rubutu, mota na jirana. An tura mu wasu ƙauyuka can arewa da Tamale, kuma an ce babu sabis a wajen. Abu ne mai sauƙi: ki kwafe kayanmu ki kai kan Mac ɗin, ki maimaita yadda kika yi. Kafin in dawo na san uwargidana ta ji yayanta.

Mahdi

*

Anguwan Rogo
Ƙarshen Yuni

Yaya Mahdi,

Ina fatan ka isa lafiya. Mu nan lafiyar da sauƙi-sauƙi.

Bai yi ba. Na yi yadda ka ce. Kafin in mayar da kwamfutar makaranta na kwafe Mai Cefane gaba ɗayansa, da duk kayan da ya sauko da su, na zuba a wani filashin. Mu nan ba a sauke abu sau biyu. In mutum ɗaya ya sauke fim, unguwa ce ta samu. Har daɗi nake ji na rage wa kaina wahalar rataye waya.

Zipora ta zo da kanta a keke napep, ta rungumo Mac ɗin a cikin tawul kamar jaririya. Muka zuba kayan, muka nemo baƙar tagarta, na rubuta umarni. Ta ce ba ta san shi ba. Na shiga cikin foldar na danna wannan, na danna wancan, ko motsi. Muka wuni a kai. Zipora ta kira wani ɗan cocinsu, shi ma ya ce bai taɓa ji ba. Daga ƙarshe ta ce, “Salma, wannan abu ya fi ƙarfinmu o, mu jira oga na Ghana.” Na rubuto maka saƙo a waya ya fi a ƙirga, ko ɗaya bai shiga ba. Ranar Litinin Mac ta bi mai ita Abuja.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ruwa ya daki Kaka a hanyar gidan suna, mura ta kama ta, ta toshe kunnen da ya rage. Yanzu sai na kafa baki a kunnenta na ɗaga murya kafin ta juyo. Jiya ta tambaye ni ko ladan bai kira azahar ba ne, alhali masallacin yana jikin katangarmu. Na shiga bayi na yi kukana na fito.

Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron ranar da za mu gama ta zama babu mai saurare.

Salma

*

Accra
Farkon Yuli

Salma,

Na dawo yau, lafiya lau, sai dai wasiƙarki ta kashe min jiki. Allah ya ba Kaka lafiya, ya buɗe kunnen nan.

Da na ce kayanmu, fayil biyun da na aiko miki nake nufi, murya.yml da tace.py. Shi Mai Cefane ba a kwafarsa. Wanda aka yi don Windows ba ya jin yaren Mac, kowace irin kwamfuta da nata ake saukewa sabo. Ko tsakanin Windows biyu ma ba ya son a ɗauke shi daga inda aka dasa shi. Na ɗauka wannan a fili yake, ban tsaya na warware ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Lokaci ba ya wajenmu. Kwamfutata a nan za ta gama aikin nan kafin ki sha shayi. In Kaka ta shiga wanka ko ta kwanta ƙailula, ki kwance filashin ki turo min fayil ɗin. Na yi miki alkawari ba zan saurara ba, zan tace in mayar miki in goge nawa. Ba za ta taɓa sani ba. Wanne ya fi, a kiyaye sharaɗi ko ta ji ɗan'uwanta?

Ina jiran amsarki yau ɗin nan.

Mahdi

*

Accra
Tsakiyar Yuli

Salma,

Sallama da gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na kira wayarki ba ki ɗauka ba, a zauren dangi ma ban ga motsinki ba. Jikin Kaka ne? Don Allah ko kalma ɗaya ce ki rubuto, zuciyata ta kai ni wurare marasa kyau.

In kuma maganata ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga kamar na ɗora miki laifin Mac, alhali ni ne na bar miki rabin bayani na shige mota. Batun turo fayil kuwa, na faɗa ne saboda tsoro. Ina son jin muryar nan fiye da yadda zan iya faɗa miki, wataƙila shi ya rufe min ido.

Mahdi

*

Anguwan Rogo
Ƙarshen Yuli

Yaya Mahdi,

Kwantar da hankalinka, kowa na raye. Kaka ta samu sauƙi, murar ta sake ta. Kunnen ya ɗan buɗe, amma bai koma yadda yake a watan jiya ba, kuma likita ya ce kada mu sa ran zai koma.

E, fushi na yi. Wai ka ɗauka a fili yake! A fili a wajen wa? Amma ba shi ya hana ni rubutu ba. Shawararka ce ta tsaya min a rai, domin ta yi min daɗi fiye da yadda ya kamata. Ranar nan Kaka ta shiga wanka ta bar zanin a kan gado. Na zauna kusa da shi, har na taɓa ƙullin. Sai na tuna yadda take miƙo min shi da hannunta in za mu yi aiki, ba ta ko kallon abin da nake yi, ta san ba zan cuce ta ba. Matar da ba ta jin abin da ake faɗa a bayanta, abin da ya rage mata shi ne ta yarda da na kusa da ita. Na tashi na bar ɗakin. Ba zan turo ba, kada ka sake tambaya.

Shi ke nan, na huce. Yanzu ga albishir.

Na biya ta Tina Junction in gaya wa Sylvester halin da ake ciki, sai na ga wata ƙatuwar kwamfutar tebur a ƙarƙashin bencinsa. Ashe da ita yake haɗa waƙoƙi, ya ce ƙarfinta ya ishi aikin kowa. Na ce Windows ce ko Mac? Ya ce ko ɗaya, Linux ce. Na ce yau na shiga uku, akwai ma ta uku? Na roƙe shi aro. Ya ce, “Anti Salma, wannan injin bai taɓa fita shago ba.” Can kuma ya ce, “Amma tun ranar da kaset ɗin Mama ya tsinke a hannuna ban ji daɗi ba. Ranar Talata ba ni da aiki, zan kawo.”

Saboda haka ka zauna ka rubuto min bayanin Linux, dalla-dalla, kamar kana koya wa 'yar aji ɗaya. In ka sake cewa wani abu a fili yake, sai na haɗa ka da uwargidanka.

Ƙanwarka,
Salma

*

Accra
Ƙarshen Yuli

Ranki ya daɗe Malama Salma,

Alhamdu lillahi! Na ji sanyi a raina. Ina lafiya, kuma na karɓi faɗa. Kin fi ni gaskiya, ba zan sake tambaya ba.

Linux gidana ce, a kanta nake aiki kullum. A shafin nan dai za ki sauke nata, fayil ne mai ƙarewa da .sh. Wannan ba a danna shi. Ki buɗe baƙar taga a inda ya sauka, ki rubuta bash, ki bar tazara, ki rubuta sunan fayil ɗin. Zai zubo miki dogon rubutun sharuɗɗa, ki bi shi har ƙasa. Duk inda ya nemi amincewarki ki rubuta yes cikakkiya, har da tambayar ƙarshe.

Ga inda mutane ke ruɗewa: in ya gama, za ki kira shi ya yi kamar bai san ki ba. Kada ki firgita. Ki rufe tagar gaba ɗaya ki buɗe sabuwa. In kin ga kalmar base a farkon layi, ya zauna. Daga nan umarnin nan uku ne da kika riga kika haddace. Fayil biyu kawai za ki kai, biyu, ba buhu ba.

Ranar Talata na ɗauki hutu. Wayata na hannuna tun safe.

Mahdi

*

Anguwan Rogo
Farkon Agusta

Yaya Mahdi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Na san ka ga saƙona na waya mai cewa an gama, kuma na san ka ƙagu. Ka yi haƙuri, wannan ba labarin waya ba ne. Ka nemi wuri ka zauna.

Sylvester ya iso da hantsi a keke napep, kwamfutar a kan cinyarsa an lulluɓe ta da leda saboda yayyafi, allon kuma a hannun Zipora, wadda ta ce ba za a ƙarasa wannan yaƙi babu ita ba. Duk layinmu aka fito kallo, wata makwabciya har tana tambaya ko gidan rediyo za mu buɗe. Muna gama haɗa wayoyi aka ɗauke wuta. Telan da ke ƙofar gidanmu ya ce ba komai, ya jawo mana waya daga janaretansa.

Na rataye wayata a taga, na sauke fayil, na rubuta bash. Ya zubo sharuɗɗa, na yi ta bi, na ba shi yes ɗinsa. Da ya gama na kira shi, ya ce bai san ni ba. Zipora ta dafe kai ta ce, “Ya sake!” Ni kuwa na ɗaga mata hannu kamar tsohuwar gwana, na rufe taga na buɗe sabuwa. Sai ga base! Ihun da muka yi har Kaka ta ji, ka san kuwa ba ƙarami ba ne.

Cefane ya ɗau lokaci, sabis ya yanke a tsakiya, na sake ba shi umarni ya ƙarasa. Na kashe data, aka kai wayoyinmu duka ɗakin makwabta, har ta Sylvester. Kaka ta kwance haɓar zani. Injin nan ko gumi bai yi ba, Yaya. Kafin la'asar ya rubuta cewa ya gama.

Ba mu kunna ba. Na juye sabon fayil ɗin a filashinta, ta sa Sylvester ya goge na cikin injinsa tana tsaye a kansa, duk da ba ta san me take kallo ba. Ta sa musu albarka, ta cika musu leda da dambun nama, ta ce su jira a zaure. Aka kashe janareta. Na soka filashin a ɗan rediyon caji da na saya mata. Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kwanon ɗakin ya ɗauki ƙara, ko ni ba na jin kaina. Muka zauna muna kallon juna, rediyo a cinyarta, har ya tsagaita.

Ta ce in zauna, ni ce mai dannawa. Ta manna rediyon a kunnen hagu. Na ƙure ƙara na danna.

Yaya, muryarsa ƙatuwa ce, mai ɗan kaushi, kuma yana dariya a cikin magana. Ya yi sallama ya ce, “Balaraba, ni ne Lukuman.” Kaka ta zabura ta ce, “Na'am, Yaya!” kamar yana bakin ƙofa. Ta ji. Wallahi ta ji.

Ka san me ke cikin wasiƙar? Gaisuwa. Kusan gaba ɗayanta gaisuwa ce. Ya bi gidan nan ɗaki-ɗaki, ya fita layi ya bi shi gida-gida. Kaka kuwa tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a gaida Inna, ta ce, “Inna tana wajenka yanzu, ka gaishe ta da kanka.” Ya ce a gaida Gyang abokin aikinsa na ramin kuza da matarsa Ana, ta ce, “Gyang ya rasu, Ana tana nan ta tsufa tukuf, za ta ji.” Ya gaida mai unguwa, ya gaida mai kosan bakin masallaci, har akuyar da ya bar mata ya tambaya. Ta ce, “An yanka ta tun sunan Baban Salma, kai ma ka cika tambaya.” Tana dariya hawaye na zuba, ni ma haka.

Can wajen ƙarshe ya yi gyaran murya ya ce, “Ina gaida yaran da aka haifa bayan tafiyata, ban san su ba. Ina kuma gaida waɗanda ba a haifa ba tukuna, naki da nawa.”

Kaka ta ce in tsayar. Na tsayar. Ta dube ni ta ce, “To, ba da ke ake ba? Amsa.” Na ce, “Ina amsawa, Kaka Lukuman.” Ta gyaɗa kai. Na ce tunda ta ji, ko yanzu zan iya tura maka? Ta zare filashin da kanta ta mayar haɓar zani ta ƙulle, sannan ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta yadda ta faɗa.

“Na amsa wa matattu, na amsa wa tsofaffin da ba sa iya tashi. Mai ƙafa ba a amsa masa gaisuwa. Ki gaya wa Mahdi kakansa ya gaishe shi, gaisuwar tana nan a ɗakina. Ya zo ya amsa da bakinsa tun ina iya jin ya amsa.”

Ƙanwarka,
Salma